Tsayuwa Kafin Bugu: Darasin Mai Ɗaukar Jaka a Filin Ƙwallon Lambu

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ban san wani wasa da wannan karin magana ya fi dacewa da shi ba kamar ƙwallon lambu, wato wasan nan da Turawa ke kira golf. A ƙwallon ƙafa, ƙwallo ne ke zuwa wa mutum a guje, ya tare shi yadda ya samu. A dambe kuwa, abokin karawa ba ya jira ka gyara tsayuwa. Amma a ƙwallon lambu ƙwallon yana nan kwance, ba ya motsi, ba kuma mai tsananta maka. Kai za ka zo ka same shi, ka zaɓi inda za ka sa ƙafafunka, ka zaɓi nisan da ke tsakaninku. Duk da wannan sauƙi, a nan ne yawancin masu wasan ke ɓata bugunsu, tun kafin su ɗaga sanda.

Na san wani daga cikin 'yan'uwana ɗalibai zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan mai nazarin Hausa da wasan masu hannu da shuni? To, ban taɓa zama ɗan kulob ba, kuma har yau ba ni da sanda ko ɗaya tawa ta kaina. Amma tun ina ɗan shekara 12 har na gama sakandare, duk Asabar da Lahadi da lokacin hutu, aikina shi ne ɗaukar wa masu wasan jaka, wato abin da a filin ake kira kadi. Da ladan wannan aiki na sayi littattafai, da shi kuma na biya kuɗin jarrabawar da ta kawo ni jami'a. Akwai filayen wasan nan a Kano da Kaduna da Zariya da Jos tun zamanin Turawa, kuma inda duk aka yi fili za ka tarar da yara irina suna jiran a kira su. Mai ɗaukar jaka kuwa iri biyu ne. Akwai wanda kafaɗa kaɗai yake sayarwa, shi wannan ranar da aka sami wanda ya fi shi ƙarfi an sallame shi ke nan. Akwai kuma mai sayar da ido, wanda zai dubi tsayuwar maigidansa ya san inda ƙwallo zai faɗa. Na biyun nan shi ake nema da suna, shi ake ƙara wa lada. Saboda haka a wurinmu sanin mazaunin ƙwallo hanyar cin abinci ce.

Sanduna da halayensu

Asalin wasan daga ƙasar Sikotlan yake. A can aka fara rubuta dokokinsa a shekarar 1744, kuma a filin St Andrews ne aka rage ramuka daga 22 zuwa 18 a 1764, adadin da daga baya duniya ta bi. Abin da ake nema shi ne a sa ɗan ƙwallo, wanda nauyinsa bai wuce giram 45.93 ba, cikin rami mai faɗin inci 4 da kwata, da bugu mafi ƙaranci. Doka ba ta yarda ɗan wasa ya ɗauki fiye da sanda 14 ba. An kafa wannan iyaka a Amurka a 1938, Birtaniya ta bi a 1939, kuma duk wanda ya taɓa saɓa jakar nan a kafaɗa na tsawon awa huɗu ya san alheri aka yi masa.

Abu biyu ne ya raba sandunan: tsawo da kwanciyar fuska. Mafi tsawo ita ce direba, tana kai wa kimanin inci 45, fuskarta kuma kusan a tsaye take, ba ta kwanta fiye da digiri 9 zuwa 12 ba. Da ita ake buɗe rami mai nisa. Daga ita sai 'yan'uwanta da ake kira katakai, ko da yake yanzu da ƙarfe ake ƙera su. Sai ƙarafa masu lamba, daga 3 zuwa 9. Duk sa'ad da lamba ta hau ɗaya, sanda na raguwa da kimanin rabin inci, fuskarta kuma na ƙara kwanciya da kimanin digiri 4, sai ƙwallo ya ƙara tashi sama ya rage nisa. Sai weji, gajeru masu kwantacciyar fuska, waɗanda a cikinsu akwai ta yashi mai digiri 54 zuwa 56. Ta ƙarshe ita ce fota, wadda ake gangara ƙwallo da ita zuwa rami. To, mai karatu, yaya za a yi sanda mai inci 45 da mai inci 35 su nemi tsayuwa iri ɗaya?

Sirrin lilo

Wanda ya koya mini wannan sha'ani wani dattijo ne, shugaban masu ɗaukar jaka a filinmu, wanda kowa ke kira Baba. Bai yi boko ba, amma ya shekara fiye da 40 yana kallon ƙafafun mutane. Ranar da ya fara yi mini bayani, tambaya ya yi mini.

"Yaro, ka taɓa hawa lilo?"

Na ce, "Na taɓa, Baba."

Ya ce, "To, lilo yakan sauko, ya kai wani wuri da ya fi ko'ina kusa da ƙasa, sannan ya fara hawa. Kan sanda ma haka yake. Duk ilimin nan bai wuce ka san inda lilon yake ƙarewa ba, sannan ka san ko kafin nan kake so ya gamu da ƙwallo, ko bayan nan."

Wannan shi ne tushen maganar. Bari in yi ta a kan mai bugu da dama, wanda ƙafarsa ta hagu ce ke wajen inda aka nufa. Bahago sai ya juya komai. A lokacin bugu nauyin jiki yana komawa kan ƙafar hagu, saboda haka ƙarshen saukar lilon yakan faɗo daidai da hammatar hagu, wato gaba da tsakiyar ƙafafu kaɗan. In aka ajiye ƙwallo bayan wannan wuri, sanda za ta same shi tana saukowa. In aka ajiye shi daidai wurin, za ta share shi a shimfiɗe. In kuwa aka kai shi gaba da wurin, za ta same shi tana hawa.

Abin da ke ruɗa sabon ɗan wasa shi ne, yana zaton in yana so ƙwallo ya tashi sama sai ya kwaso shi daga ƙasa kamar mai ɗibar miya da ludayi. Alhali kuwa kwanciyar fuskar sanda ce ke ɗaga ƙwallo. Aikin mai riƙe da ƙarfe shi ne ya sauko wa ƙwallon, ya taɓa shi tukuna, sannan ya taɓa ƙasa. Don haka ne in gwani ya yi bugu za ka ga gurbin da sandarsa ta ɓantare yana gaban inda ƙwallon ya kwanta. Mu masu ɗaukar jaka da muke mayar da ɓantaren ciyawar nan, daga gare shi muke karanta bugun mutum, kamar yadda maharbi ke karanta sawu.

Mazaunin ƙwallo ga kowace sanda

Ga weji da ƙarfe 9 da 8, ƙwallo yana zama tsakiyar ƙafafu, daidai da maɓallin riga. Ba a buɗe ƙafafu da yawa, faɗinsu bai kai na kafaɗu ba, kuma ana ɗan jingina nauyi ga ƙafar hagu tun daga farko. Ba a neman ƙarfi a nan, ana neman daidai ne, kuma gajerar tsayuwa ta fi barin ƙugu ya juya.

Ga ƙarfe 7 da 6 da 5, ana matsar da ƙwallo gaba da tsakiya da kamar faɗin ƙwallo ɗaya, a buɗe ƙafafu daidai da kafaɗu, a raba nauyi biyu daidai. Ga dogayen ƙarafa, wato 4 da 3, a ƙara masa wani faɗin ƙwallo. Katakan da ake bugu da su daga kan ciyawa kuwa, ƙwallonsu yana zama kamar inci 2 kafin duddugen hagu, domin su share shi ake so su yi, ba su haƙa rami ba.

Direba ita ce ta fita daban, domin ƙwallonta ba a ƙasa yake ba, a kan ɗan fegi ake ɗora shi, har rabinsa ya ɗara kan sandar. Ana ajiye shi daidai da cikin duddugen hagu, a buɗe ƙafafu fiye da kafaɗu, a bar kafaɗar dama ta ɗan yi ƙasa, kai kuma ya tsaya bayan ƙwallo. Dalili shi ne fuskar direba ba ta da kwanciyar da za ta ɗaga ƙwallo sosai da kanta, saboda haka in ta same shi tana hawa sai ya tashi da kyau, ya rage juyin da ke cinye masa tafiya. Na'urorin kamfanin TrackMan na ƙasar Denmak, wanda aka kafa a 2003, sun auna wannan. Sun nuna cewa ƙwararrun maza da ke wasa a Amurka suna sauko wa ƙwallo da kimanin digiri 4 in suna riƙe da ƙarfe 7. Da direba kuwa kusan a shimfiɗe suke zuwa, da saukar da ba ta wuce kimanin digiri 1 ba, alhali ƙwararrun mata suna samun ƙwallon a hawa da kimanin digiri 3. Wato mai ƙarfin hannu sosai yana iya yin yadda ya so, amma wanda ƙarfinsa bai kai ba, hawan nan ne ke ba shi nisa. Yawancin waɗanda muka ɗaukar wa jaka a sahu na biyu suke, ko da ba za su so a faɗa ba.

Akwai abubuwan da ba su canzawa ko da wace sanda ce. Daga ƙugu ake sunkuyawa, baya a miƙe, gwiwoyi a ɗan sake. Hannuwa su sauko daga kafaɗu ba tare da an miƙa su ba, a bar kamar faɗin tafin hannu tsakanin gindin sanda da cinya. Tsawon sanda ne zai gaya maka nisan da za ka tsaya. Game da saiti kuma, Baba yakan ce a tuna da hanyar jirgin ƙasa: ƙwallo da fuskar sanda suna kan dogo ɗaya wanda ya nufi tuta, ƙafafu da ƙugu da kafaɗu suna kan ɗaya dogon, suna tafiya tare ba su haɗuwa.

Kuskure kuma yana da alamominsa. In ƙwallo ya yi gaba fiye da kima, kafaɗu sukan buɗe su dubi hagu, sai ƙwallo ya tafi hagu kai tsaye, ko ya fara ta hagu ya karkace dama, ko sanda ta daki ƙasa kafin ta iso, ko ta daki ƙwallon a ka. In ya yi baya da yawa, sai ya fita ƙasa-ƙasa ya nufi dama, ko ya murɗe zuwa hagu.

Saɓanin malamai

Kada mai karatu ya zaci magana ɗaya ce a bakin gwanaye. Ben Hogan, wanda ya ci manyan gasa 9, ya koyar a littafinsa na 1957 cewa ƙwallo ya zauna wuri ɗaya kusa da duddugen hagu ga kowace sanda, ƙafar dama ce za a riƙa matsowa ko a janye. Jack Nicklaus, mai manyan gasa 18, shi ma a littafinsa na 1974 ya ce daidai da duddugen hagu yake ajiye ƙwallo a duk bugun da aka saba. Wasu malamai kuwa sun tafi a kan abin da na bayyana a sama, wato ƙwallo ya riƙa tafiya daga tsakiya zuwa gaba.

Da na shigo jami'a na ga yadda malamanmu ke saɓani a kan rabe-raben kalmomi, sai na gane irin wannan ne. In ka bar ƙwallo kusa da duddugen hagu, ka matso da ƙafar dama har tsayuwarka ta tsuke, ai ƙirjinka ya matso kan ƙwallon, ya zama kusan a tsakiya ke nan. In ka janye ƙafar dama, ƙirji ya ja baya, ƙwallo ya zama a gaba. Ashe hanya biyu ce ta shiga gari ɗaya. Baba bai karanta ko ɗaya daga cikinsu ba, amma abin da yakan ce shi ne, "Ƙafa tana ƙarya, ƙirji ba ya yi. Ka auna ƙwallo da maɓallin rigarka."

Ƙasarmu da iskarmu

Littattafan nan an rubuta su ne a ƙasashen da ciyawa ke kore yawancin shekara. Mu kuwa da rani filinmu yakan zama fako. A kan fako sanda ba ta nutsewa, in ta taɓa ƙasa kafin ƙwallo sai ta yi tsalle ta dake shi a ciki. Maganin wannan shi ne a ja ƙwallo baya da faɗin ƙwallo ɗaya, hannuwa su ɗan riga kan sanda, domin a tabbatar ƙwallo aka fara taɓawa. Haka nan in hunturu ya kama, iska na busowa daga arewa maso gabas, wanda ya fuskance ta yakan ja ƙwallo baya, ya ɗauki sandar da ta fi wadda ya saba tsawo, ya yi bugu a hankali. Wanda ya ce zai yi wa iska ƙarfi, ƙara wa ƙwallo juyi yake yi, sai ya ga ya tashi sama kamar shirwa ya faɗo kusa.

A kan tudu, in kana fuskantar hawa, ƙwallo ya ɗan yi gaba. In gangara ce, ya ɗan yi baya. Kafaɗu kuma su bi kwanciyar ƙasar. In ƙwallo ya fi ƙafafunka tudu zai karkata hagu, in ya fi su kwari zai karkata dama, sai a yi saiti da sanin haka. A ramin yashi kuwa dokar ta juye gaba ɗaya. A nan ne kaɗai ake son sanda ta riga taɓa ƙasa. Ana nutsa ƙafafu cikin yashi, a kai ƙwallo gaba da tsakiya, a kwantar da fuskar sanda, a daki yashi kamar inci 1 ko 2 bayan ƙwallo, yashin ya ɗauke shi ya fitar. Gene Sarazen ne ya shahara da gyara sandar wannan aiki, da ita kuma ya ci babbar gasar Birtaniya a 1932.

Yadda ake gaya wa babba gaskiya

Sanin duk wannan rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne yadda yaro ɗan talakawa zai gaya wa babban mutum cewa tsayuwarsa ba daidai ba ce. Akwai wani Alhaji, ɗan kasuwa mai kirki, wanda direbarsa ta hana shi sakat. Kullum ƙwallonsa sai ya fita ƙasa-ƙasa ya shige cikin itatuwan dama. Ya canza sanda sau biyu, yana maganar aika wa a sayo masa ta uku. Dukkanmu mun ga abin da ke faruwa: yana ajiye ƙwallon direba a tsakiyar ƙafafu, kamar mai riƙe da weji. Wata safiya a wurin gwaji Baba ya matso, ya rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙwallon nan kamar ya ja da baya. A ba ni izini in matsar da shi." Ya tsuguna ya ciro fegin, ya kafa shi daidai da duddugen Alhaji na hagu, ya koma gefe. Bugu na uku ƙwallo ya tashi ya miƙe. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Malam, ashe ƙwallon ne ba shi da ladabi." Baba ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Da muka koma inuwa sai ya ce mini, "Ka ji ko? Laifin ka ɗora wa ƙwallo, shi ba ya fushi, ba ya kuma sallamar kowa."

Doka ma ta san matsayin mai ɗaukar jaka. A cikin gasa, ɗan wasa ba shi da ikon neman shawara wurin kowa sai mai ɗaukar jakarsa, ko abokin da suke ɓangare ɗaya. Amma tun daga 2019 an hana mai ɗaukar jaka tsayawa da gangan a bayan ɗan wasa, a kan layin bugu, da zarar ya fara gyara tsayuwa. Ma'ana, tsayuwa haƙƙin mai bugu ce shi kaɗai. Abin da za ka gaya masa ka gaya masa tun da wuri, in ya so ya ɗauka.

Kammalawa

Tarihin wasan nan cike yake da yaran da suka fara da ɗaukar jaka. Francis Ouimet, wanda ya ci babbar gasar Amurka a 1913 yana ɗan shekara 20, tsohon mai ɗaukar jaka ne, kuma yaro ɗan shekara 10 ne ya ɗaukar masa tasa jakar a gasar. Hogan da Sarazen duk ta nan suka biyo. Seve Ballesteros na ƙasar Sifen da ƙarfe 3 guda ɗaya tak ya koyi wasa a bakin teku, ya zo ya ci gasar Birtaniya a 1979 yana ɗan shekara 22. Abin da ya raba su da abokaina da na baro a ƙofar fili shi ne an bar su sun riƙe sanda. Mu a namu filin safiyar Litinin kaɗai ake ba mu, mu takwas muna karɓa-karɓa da tsohon ƙarfe ɗaya, amma a cikinmu akwai waɗanda tsayuwarsu ta fi ta iyayen gidansu kyau nesa ba kusa ba.

A cikin masu karanta wannan mujalla akwai malamanmu da ke zuwa filayen nan, akwai kuma ɗaliban da gobe za su zama manyan ma'aikata a kai su can. Roƙona gare ku shi ne, in ƙwallo ya ƙi miƙewa, kafin ku zargi sanda ku dubi ƙafafunku. In ba ku ga komai ba, ku tambayi yaron da ke tsaye a gefe da jaka, domin shi ya daɗe da gani, kunya ce ta hana shi magana. In ya faɗa muku daidai, ku ƙara masa lada, ku kuma ara masa sandar ya gwada. Allah ya sa mu dace, amin.